Togakushi ko Haguro: wanne ya dace da ƙafarka da kwanakinka?

Wanda karatu ko kwas ko kasuwanci ya kai shi Tokyo, ba ya daɗewa idonsa ke gajiya da gilashi da kankare da fitilu. A irin wannan lokaci ne wani zai nuna masa hoto a waya: miƙaƙƙiyar hanya cikin daji, itatuwa dama da hagu sun tashi sama ba a ganin ƙarshensu, can gaba ga jar ƙofa mai rufin ciyawa. Nan take zai ce shi fa sai ya je. To amma wurare masu wannan siffa a Japan suna da yawa, kuma hoto ba ya gaya wa mutum awa nawa zai yi a hanya, balle matakala nawa za ta ci gwiwarsa.

Guda biyu zan ɗora a sikeli, domin su ne suka fi cancanta a yi gardama a kansu: Togakushi a lardin Nagano, da Dutsen Haguro a lardin Yamagata. Ba zan ɓoye inda na karkata ba. In yini ɗaya ne kawai gare ka, ka tafi Togakushi, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa kana da kwana biyu kuma ƙafarka lafiya lau, Haguro ya fi, kuma fin ba ɗan kaɗan ba ne.

Itacen da ake magana a kai sunansa sugi. Ɗan asalin Japan ne, ganyensa tsinke-tsinke ne da ba ya kaɗewa duk shekara, ɓawonsa ja-ja ne mai tsagewa a tsaye. Miƙewa yake yi sambal kamar giginya, sai dai giginyar da ta kusa ninka kanta a tsawo, gindinta kuma sai mutum uku ko huɗu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Tsofaffin cikinsu sukan kai mita 40 zuwa 50. Layukan itatuwan da ke wuraren nan biyu ba su fito don kansu ba, dasa su aka yi, galibinsu a ƙarni na 17, bayan gidan Tokugawa ya karɓi mulkin ƙasar a 1603 aka samu zaman lafiyar da mutum zai dasa itace don jikokin jikokinsa. A addinin Shinto ana ɗaukar cewa ababen bauta, waɗanda suke kira kami, suna zama a duwatsu da magangarun ruwa da manyan itatuwa. Shi ya sa za ka ga an ɗaura wa wani itace igiyar karan shinkafa mai kauri, an rataya mata fararen takardu. Kafin 1868 duka wuraren biyu a cakuɗe suke da addinin Buddha da wata ɗariƙar masu gudun duniya a kan duwatsu da ake kira Shugendo. A wannan shekarar ce gwamnatin Meiji ta ba da umarnin raba addinan biyu, aka mayar da su wuraren bautar Shinto zalla. Tabon wannan rabuwa yana nan har yau, kuma a Haguro ya fi fitowa fili.

Togakushi: kusa, sauƙi, da cunkoso

Daga tashar Tokyo, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, Shinkansen, na layin Hokuriku yana sauke mutum a Nagano cikin kimanin awa ɗaya da rabi, kuɗin kujera yen 8,000 da 'yar ɗoriya zuwa kawai. Garin ya saba da baƙi tun da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1998, don haka ba za ka sha wahalar gane alamun hanya ba. A gaban tashar ake shiga bas ɗin kamfanin Alpico, ya yi ta hawa yana lanƙwasa na awa ɗaya da 'yan mintoci. Mai yin jiri a mota ya nemi kujerar gaba. Ke nan wanda ya bar Tokyo da sassafe zai iya tsayawa ƙarƙashin itatuwan kafin hantsi ya dubi ludayi, ya kuma kwana a ɗakinsa na Tokyo a daren. Wannan shi ne babban makamin Togakushi, kuma Haguro ba shi da amsarsa.

Togakushi ba gini ɗaya ba ne, ɗakunan bauta biyar ne a warwatse a jikin dutse: Hokosha a ƙasa, mai matakala sama da 270 a tsaye cak, sai Hinomikosha, sai Chusha da ke tsakiyar ƙauyen a tudun da ya kai kimanin mita 1,200, sannan Kuzuryusha da Okusha can ƙurya, gindin tsaunin da kansa ya kai mita 1,904. Tatsuniyar da ta haɗa su ita ce ta Amaterasu, abar bautar rana, wadda ta yi fushi da ɗan'uwanta ta shige kogo, duniya ta yi duhu ɗunɗum. Sauran kami suka shirya rawa da shewa a bakin kogon. Da ta leƙo ta ga me ake ciki, sai wani ƙaƙƙarfa mai suna Tajikarao ya fizge dutsen da ya toshe ƙofar ya yi jifa da shi, inda ya faɗo kuwa shi ne tsaunin Togakushi. Shi ake girmamawa a Okusha, wanda ya kitsa dabarar a Chusha, mai rawar a Hinomikosha. Kuzuryusha daban yake, na wani dodon ruwa ne mai kai tara wanda mutanen yankin suka daɗe suna roƙo ruwan sama, har da maganin ciwon haƙori.

Hanyar Okusha ce ake gani a hotuna. Tsawonta kilomita 2 ne daga ƙofar farko, tafiyar minti 40 ga mai matsakaicin sauri. Rabin farko shimfiɗe yake, miƙe kamar an ja zare, cikin dajin itatuwa masu faɗin ganye, ruwa na gudu a 'yan ƙananan kwatoci gefe da gefe. Babu sugi ko ɗaya mai ɗaukar ido a nan, har baƙo ya fara tunanin ko ya yi ɓatan kai. Sai ga jar ƙofar, Zuishinmon, rufinta na ciyawa ya tsufa har gansakuka da ƙananan tsirrai sun tsiro a kansa. Kana ratsa ta haske zai ragu, iska ta yi sanyi, ƙamshin itace mai ɗan yaji ya cika hanci. Itatuwa sama da 200 masu kimanin shekara 400 sun jeru kusa da kusa, saiwoyinsu sun fito sun sarƙe a gefen hanya, sama kuma rassan sun haɗe sai ɗan siririn sarari. Kowa ya zo nan sai ya rage murya ba tare da an ce masa ya yi ba.

Amma a faɗi gaskiya, wannan yanki mita 500 ne kacal. Cikin minti goma ka ratsa shi. Bayansa sai matakalar duwatsu marasa daidaito, masu sa haki, har zuwa Okusha. Shi kansa ginin ƙarami ne, na kankare, an lafe shi a jikin dutse saboda zaftarewar dusar ƙanƙara ta sha rushe waɗanda suka gabace shi, na yanzu a 1979 aka gina shi. Wanda ya taho da tsammanin fada zai ɗan ji jikinsa ya mutu. Daɗin Togakushi a hanya yake, sai kuma tsaunin da ke tsaye a bayan ginin da haƙoransa kamar na zarto.

Sai cunkoso. Sauƙin zuwan da ya jawo ka ya jawo kowa. Ranar Asabar da Lahadi, da makon hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, da kuma watan Oktoba lokacin da ganye ke juyewa ja da rawaya, in rana ta ɗaga hanyar cika take yi, a bakin Okusha har layi ake ja. Dabarar ita ce ka zo ranar aiki da bas ɗin farko, ko ka kwana a ɗaya daga cikin tsofaffin masaukan maziyarta da ke kewaye da Chusha ka fito da asuba. Wanda ya yi haka ya ga wani Togakushi daban da wanda 'yan rana suka gani.

Inda Togakushi ya yi wa Haguro zarra shi ne abubuwan da ke gefe. A harabar Chusha akwai sugi uku da ake ƙiyasta sun kai shekara 800. Akwai tafkin Kagami-ike, inda tsaunin ke bayyana a cikin ruwa in babu iska. Akwai lambun daji mai hanyoyin katako da masu kallon tsuntsaye ke so. Daura da mashigar Okusha akwai gidan tarihin ninja da wani gida mai ɓoyayyun ƙofofi wanda yara ba sa son fita daga cikinsa, don yankin yana da tsohuwar makarantar ninja. Sannan ga taliyar soba, wadda ake yi da garin wani hatsi mai duhu, kuma ta Togakushi tana cikin waɗanda aka fi yabo a ƙasar. Da sanyinta ake kawo ta a kan faifan gora, an naɗe ta ƙulli biyar. Mai iyali da ƙananan yara ko dattijo, nan ne wurinsa, ko da tafiyar ta tsaya a ƙarshen layin itatuwan ba a hau matakalar ba.

Haguro: matakala 2,446

Zuwa Haguro aiki ne. Daga Tokyo sai ka ɗauki Shinkansen na layin Joetsu zuwa Niigata, kimanin awa biyu, ka sauya zuwa jirgin Inaho da ke bin gaɓar teku ta yamma zuwa Tsuruoka, shi ma kusan awa biyu. Kuɗin ya haura yen 12,000 zuwa kawai. Mai gaggawa zai iya hawa jirgin sama daga filin Haneda na Tokyo zuwa filin Shonai da ke kusa da Tsuruoka, tafiyar awa ɗaya. Daga tashar Tsuruoka kuma bas na minti 40 zuwa gindin dutsen. A lissafi za a iya zuwa a dawo rana ɗaya, amma wanda ya yi haka jirgi ya je gani ba daji ba.

Dutsen kansa gajere ne, mita 414, ko kusa da tudun ƙauyen Togakushi bai kai ba. Kada wannan ya ruɗe ka. A Togakushi bas ne yake yi maka hawan, a Haguro ƙafarka ce. Shi ne ƙarami cikin duwatsu uku da ake kira Dewa Sanzan, sauran biyun su ne Gassan mai mita 1,984 da Yudono. A al'adar wurin, Haguro na wakiltar rayuwar yanzu, Gassan duniyar waɗanda suka riga mu, Yudono kuma sake haihuwa. Suna danganta kafuwar wurin ga wani ɗan sarki, Hachiko, wanda ya gudo daga fada bayan an kashe mahaifinsa, aka ce hankaka mai ƙafa uku ya yi masa jagora har kan dutsen a shekarar 593.

Ƙofar shiga a nan ma sunanta Zuishinmon, kada sunan ya rikita ka wajen neman hanya a waya. Abin mamaki, kana shiga gangara za ka fara, ba hawa ba. Matakala za ta sauke ka cikin kwari, ka wuce wasu 'yan ƙananan ɗakunan bauta na katako, ka haye jar gada a kan rafin Haraigawa inda a zamanin da maziyarta ke wanka kafin su hau, ga siririn ruwa yana zubowa daga kan dutse a tsallake. Minti goma zuwa sha biyar daga ƙofa sai ka iske itacen da suke kira Kakan Sugi, wanda aka ce ya shekara 1,000, ɗaure da igiyarsa. Da yana da abokiyar zama a gefensa, guguwa ta kayar da ita.

'Yan taku kaɗan daga nan hasumiyar take. Hawa biyar ce, tsawonta mita 29, ta katako zalla ba fenti, ruwa da dusar ƙanƙara na ɗaruruwan shekaru sun mayar da ita toka-toka har ta saje da itatuwan da ke kewaye da ita. Ba ka hango ta daga nesa, sai dai kawai ka ga ta bayyana tsakanin gindaye. Wadda ke tsaye yanzu an sake gina ta wajen 1372, kuma tun 1966 tana cikin jerin dukiyoyin ƙasa na Japan. Ginin addinin Buddha ne, ya tsira daga rushe-rushen da suka biyo bayan 1868, aka sauya abin da ake bauta wa a cikinsa. In ka matsa kusa ka ɗaga kai, ƙarƙashin kowane rufi za ka ga ɗaruruwan guntayen katako an sarƙa su cikin juna, kowanne na tallafe da na samansa. Babu wani gini a Togakushi da zai tsaya kusa da wannan.

Daga nan ne aikin yake farawa. Hanyar kilomita 1.7 ce, matakala 2,446, an shimfiɗa ta a tsakiyar ƙarni na 17 ƙarƙashin shugaban wurin na 50, Ten'yu, aikin da ya ci shekara 13. Sugi sama da 500 ne suka raka ta tun daga ƙasa har sama, masu shekara 350 zuwa 500. Ka lura da bambancin: abin da Togakushi ya ba ka na minti goma, Haguro zai ba ka na awa ɗaya ko ɗaya da rabi, babu yankewa. Matakalar gajeru ne, ba su da faɗi, ƙafafun mutane sun sule su, mai babban takalmi sai ya riƙa ɗan karkata ƙafa. An sassaƙa ƙananan zane 33 a jikin wasu daga cikinsu, ƙoƙon shan giya, gora, furen bado, aka ce wanda ya gano su duka burinsa zai cika. Ni dai ina ganin dabara ce ta sa mai hawa ya riƙa kallon inda yake taka ƙafa, kuma dabarar tana aiki.

Hawa uku ne. Na biyu shi ne mugun, tsaye yake har ana ba da labarin wani jarumin da ya zubar da man da ya ɗauko don sadaka a kansa. A ƙarshensa akwai 'yar rumfar shayi ta katako, inda ake sayar da curin shinkafa da aka kirɓa a wurin da koren shayi, har su rubuta maka takardar shaidar ka hau. Ka zauna a bencin nan gumi na bushewa, gabanka filin shinkafar Shonai a shimfiɗe, in gari ya yi garau har teku za ka hango. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Rumfar ba ta buɗewa a watannin dusar ƙanƙara.

A sama, ginin da ke jiran ka ya biya wahalar. Sanjin Gosaiden, wanda aka gina a 1818, tsawonsa mita 28 ne, rufin ciyawarsa kuma kaurinsa ya haura mita 2. An haɗa ababen bautar duwatsun uku a cikinsa saboda dusar ƙanƙara na rufe Gassan da Yudono mafi yawan shekara. A gabansa akwai ɗan tafki da aka tono ɗaruruwan tsofaffin madubai na tagulla daga cikinsa, waɗanda mutane suka jefa a zamanin da a matsayin sadaka. Kuma a Haguro ɗariƙar Shugendo ba labarin da ba ce. Mabiyanta, yamabushi, suna nan, za ka iya cin karo da su a kan matakala da sanda a hannu, ko ka ji busar ƙaton bawon dodon koɗin teku da suke yi tana ratsa dajin kafin ka gan su. Ƙauyen Toge da ke gindin dutsen cike yake da masaukan maziyarta, a kusa da ƙololuwa kuma akwai Saikan, tsohon gini da ake kwana a kan tabarma a ci abincin ganyayen dutse.

Akwai hanyar mota har sama, bas ma yana kaiwa. Wannan ya sa mai ciwon gwiwa zai iya ganin hasumiyar a ƙasa, ya dawo ya hau bas ya ga babban ginin, sai dai ya rasa tsakiyar, wadda ita ce zuciyar abin. Ga mai lafiya kuwa, shawarata ya hau da ƙafa ya sauko a bas. Saukowa a kan sulallun duwatsu ta fi hawa cin gwiwa da haɗari, musamman in an yi ruwa, sannan ka tuna gangarar nan ta farko za ta zama hawa a ƙarshe, lokacin da ƙarfinka ya riga ya ƙare. Da yake yawancin masu zuwa a motocin yawon buɗe ido hasumiyar kawai suke gani su juya, tsakiyar hanyar sau da yawa ba kowa, sai kai da kukan tsuntsaye.

Abin da ya shafi addininka da cikinka

Musulmi ne kai ko Kirista, tambayar za ta zo maka: shiga irin wannan wuri ba shiga bautar wani ba ne? Hukunci dai na malamai ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi nasa kafin ya sayi tikiti. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wuraren suke. A Togakushi da Haguro hanya a buɗe take, ba kuɗin shiga, ba mai tsare ka ya ce sai ka yi wani abu. Masu bauta sukan rusuna a ƙofa, su wanke hannu da baki a wani kwamin dutse, su jefa tsaba a akwati, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Kai baƙo ba wanda zai dube ka don ba ka yi ba. Ladabin da ake so gare ka kaɗan ne: bi gefen hanya ka bar tsakiya, kada ka taka saiwoyi ko ka tsallake igiya, kada ka tsaya gaban mai bauta kana ɗaukar hoto, kuma kada ka ce za ka yi alwala a kwamin nan, ba don wanke ƙafa aka yi shi ba. Ka zo da ruwanka da dardumarka, don ba masallaci a kan duwatsun.

Inda za ka yi hattara shi ne in ka ce za ka cika duwatsun Dewa uku. A wurin bautar da ke ƙololuwar Gassan, da kuma na Yudono, ba a shiga sai mai kula da wurin ya yi wa mutum tsarkin Shinto, ana kuma biya. A Yudono har takalmi ake cirewa, hoto kuma haramun ne. Wannan ya wuce kallo, ya zama shiga cikin ibadar. Haguro shi kaɗai ba shi da wannan sharaɗi.

Ta fuskar abinci duka biyun sun fi yawancin garuruwan Japan sauƙi ga mai gudun naman alade. Soba gari ne da ruwa, abincin masaukan Haguro kuma ganye ne da tsiron gora da wani awara na riɗi, kuma Tsuruoka na alfahari da shi, don tun 2014 garin yake cikin jerin UNESCO na biranen da suka yi fice a girki. Tarkon yana cikin romo. Ruwan tsoma soba da miyar Japan da yawa ana zuba musu mirin, wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi ta girki. Ka tambaya, ko ka nemi gishiri ka ci sobarka da shi, masana soba ma suna yin haka. A masauki kuma in aka ajiye maka ɗan ƙaramin ƙoƙo mai farin ruwa kusa da abinci, ka tambaya kafin ka kai baki, yana iya zama giyar da aka yi sadaka da ita.

Watan da za ka je zai iya yanke hukuncin

Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Nuwamba duka biyun suna tafiyuwa. Tsakiyar Yuni zuwa Yuli damina ce, gansakuka kan yi kore shar, hazo ya sauko cikin itatuwa, amma matakalar Haguro ta zama santsi. A Agusta Togakushi ya fi daɗi nesa ba kusa ba, don tsayinsa na ba shi sanyi, alhali Haguro na ƙasa-ƙasa, hawan matakala dubu biyu cikin zafi mai ɗanko kuwa ba wasa ba ne. A hunturu lissafin ya sake juyawa. Ana rufe Okusha daga farkon Janairu har cikin Afrilu, bas ma ba ya isa mashigarsa, ko da yake masu takalmin dusar ƙanƙara suna takawa har layin itatuwan. A Haguro hasumiyar cikin farin dusa abin kallo ce kuma kusa take da ƙofa, amma matakalar ba ta baƙo ba ce a wannan lokaci. Mai asma ko yawan atishawa ya guji Maris da Afrilu, lokacin ne sugi ke sakin ƙurar furensa, wadda ke wahalar da miliyoyin Japanawa kowace shekara.

Duka dazuzzukan biyu akwai dabbar beya, baƙa, mai ƙarfi da farata. A 2025 hare-harenta a Japan sun kai matakin da ba a taɓa gani ba, musamman a arewa maso gabas, yankin da Yamagata take. Shi ya sa za ka ji masu tafiya da 'yar ƙararrawa a jikin jaka. Wanda zai bi shawarar fita da asuba kada ya fita shi kaɗai, kuma ya karanta sanarwar da ke bakin hanya.

In duka biyun ba su yi maka ba, akwai Nikko, awa biyu daga unguwar Asakusa ta Tokyo a jirgin ƙasan kamfanin Tobu. Can ne kabarin Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, yake, cikin gine-gine masu ado da zinariya da ke jerin UNESCO tun 1999, ga kuma layin sugi na kimanin kilomita 35, mafi tsawo a duniya. Sai dai ana biyan kuɗin shiga, jama'a kuwa ba a magana. Wurin kallon gini ne da gwanintar masassaƙa, wanda shiru ya kawo shi ya yi kuskuren adireshi. Mitsumine a Chichibu, a tudun mita 1,100, inda gumakan kyarkeci ke gadin ƙofa, yana da manyan sugi biyu a gaban ɗakin bautar da hazo mai yawa, amma ba shi da doguwar hanyar itatuwa irin ta waɗancan. Wanda kuma yake Osaka ba Tokyo ba, ya duba Kumano Nachi, da tsohuwar matakalar Daimon-zaka da ruwan da ke faɗowa daga tsayin mita 133.

Ko wanne ka zaɓa, ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu don ƙananan shaguna da rumfuna ba duka ke karɓar kati ba, ka bar babbar jaka a akwatunan ajiya na tashar Nagano ko Tsuruoka. Kana sauka daga bas, kafin ka ɗaga kai ka kalli itace ko ɗaya, ka ɗauki hoton jadawalin komawa. Motocin ba su da yawa, na ƙololuwar Haguro sun fi ƙaranci, kuma da wuri suke tashi daga aiki. A Nuwamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, a ƙarƙashin sugi kuwa duhu na riga faɗuwarta da kusan awa guda.